Muhawara: A wane ɓangaren teku za a kafa injinan iska idan tsibiri bai haɗu da kowa ba?

Aminu Garba: Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina so mu tattauna yadda ake zaɓen wurin da za a kafa injinan samar da lantarki daga iska a cikin teku, musamman a kewayen tsibiran da ba su da wayar da ta haɗa su da babbar ƙasa, waɗanda yawancinsu da man dizal da ake kawowa a jirgin ruwa suke kunna wuta. Hanyar da aka saba bi ita ce a ɗauko taswirar ƙarfin iska a kwamfuta, a ɗora mata taswirar zurfin ruwa da ta hanyoyin jiragen ruwa da ta wuraren da doka ta keɓe, a cire duk inda aka hana, sannan a ba ragowar maki. A ganina ƙarfin iska ne ya kamata ya ɗauki maki mafi yawa, domin idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa sau takwas. Wurin da iska ke gudun mita 8 a daƙiƙa ya fi wurin mita 7 da kusan rabi, ko da yake bambancin lambobin ƙarami ne a ido. Ko akwai wanda yake ganin wani abu ya kamata ya zo gaban wannan?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Lissafinka daidai ne, amma a kewayen tsibiri zurfin ruwa ne yakan fara yanke hukunci tun kafin a kai ga zancen iska. Tashar injinan iska ta farko da aka gina a teku, wato Vindeby ta ƙasar Denmak a shekarar 1991, injuna 11 ce a ruwan da zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba, kuma har yau yawancin manyan tashoshin Turai suna Tekun Arewa ne da Tekun Baltik, inda ƙasan teku yake shimfiɗe ba zurfi har nisan kilomita masu yawa daga gaɓa. Turken da ake kafawa a ƙasan teku domin ya riƙe injin yana da amfani ne zuwa zurfin mita 50 ko 60. Su kuwa tsibirai irin su Kanari da Azores da Madeira da Hawayi, kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga can ƙasan teku, saboda haka da an bar gaɓa da 'yan kilomita sai zurfi ya kai ɗaruruwan mita, wani wurin ma ya haura dubu. Wurin da ake iya kafa turke yana manne da gaɓa ne, inda masunta da masu yawon buɗe ido da tashar jiragen ruwa suka riga suka mamaye, wurin da babu kowa kuma zurfinsa ya fi ƙarfin turke. Abin da ya rage shi ne injin da ke shawagi a kan ruwa, a ɗaure shi da sarƙoƙi da anga.

Aminu Garba: To ai an riga an gina masu shawagin, Injiniya, kuma suna aiki.

Injiniya Bashir: An gina, amma dubi zurfin da aka gina su. Hywind Scotland, wadda ta fara aiki a 2017 da injuna biyar masu megawat 30 gaba ɗaya, tana ruwa mai zurfin kusan mita 100. WindFloat Atlantic ta gaɓar Fotugal, injuna uku masu megawat 25, ita ma kusan mita 100 ne. Hywind Tampen ta Norwe mai injuna 11 ce ta kai tsakanin mita 260 da 300. Sannan zurfin kaɗai bai isa a duba ba, sai an duba gangaren ƙasan da irin ƙasar. Angar da ake ja ta nutse cikin ƙasa, ko wadda ake zuƙe ruwan cikinta ta kafu, laka ko yashi mai kauri take so, alhali gefen dutse mai aman wuta sau da yawa dutse ne mai tauri da gangare mai tsanani, wanda yakan zabtare. Taswirar zurfi ta duniya da ake samu kyauta ba ta nuna waɗannan abubuwa dalla-dalla, dole sai jirgin bincike ya bi wurin da na'urar auna ƙasan teku, kuma wannan kuɗi ne da ake kashewa tun ba a san ko wurin zai yi ba.

Malama Hadiza: Ina da gyara ko a kan iskar ma, Malam Aminu. Taswirar iska ta duniya da Jami'ar Fasaha ta Denmak da Bankin Duniya suka samar tana da amfani wajen fara dubawa, amma ƙiyasi ne daga lissafin yanayi, kuma tsibiri mai tsawo yana hargitsa iskar da ke kewaye da shi. A tsibiran Kanari iska tana zuwa ne daga arewa maso gabas a mafi yawan shekara. Idan ta tarar da dutse sai ta rabu biyu, ta ƙara gudu a gefunan tsibirin da mashigin da ke tsakanin tsibirai, a bayansa kuwa a sami yanki mai faɗi da iskar ta raunana tana jujjuyawa, har akan ga alamar hakan a jikin gajimare cikin hotunan tauraron ɗan'adam. Wurare biyu da ke nisan kilomita goma da juna suna iya bambanta matuƙa. Shi ya sa babu bankin da zai ba da rance sai an ajiye na'urar auna iska a wurin na aƙalla shekara guda, a ga damina da rani da dare da rana. Haka kuma matsakaicin gudu yana ɓoye abu mai muhimmanci: injin yana fara juyawa a kusan mita 3 a daƙiƙa, yana kuma kashe kansa idan iska ta kai kusan mita 25, don haka iska matsakaiciya mai ɗorewa ta fi mai ƙarfi da ke zuwa tana ɗaukewa.

Injiniya Rabi: Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ni a wurina an fara lissafin daga inda bai kamata ba. Tambayar farko ita ce megawat nawa wutar tsibirin za ta iya ɗauka, domin amsarta ce za ta nuna faɗin tekun da ake nema, kuma sau da yawa sai a tarar ɗan ƙaramin wuri ake buƙata. A kan layin lantarki, abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, in ba haka ba bugun wutar, wanda ya kamata ya tsaya a 50 ko 60 a daƙiƙa, ya kauce, na'urorin kariya su katse komai. A babbar ƙasa akwai ɗaruruwan janaretoci masu nauyi da ke juyawa tare, idan ɗaya ya faɗi sauran su riƙe. A tsibiri kuwa ana bin ƙa'idar cewa dole a iya jure rasa injin da ya fi kowanne girma ba tare da an ɗauke wuta ba. Manyan injinan teku da ake ƙerawa yanzu sun kai megawat 15 kowanne. Tsibirin El Hierro, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na Sifaniya, mai mutane kusan 11,000, abin da yake sha a lokacin da aka fi shan wuta bai kai megawat 10 ba, wato injin guda ɗaya ya fi ƙarfin tsibirin baki ɗaya. Kuma idan tasha mai injuna goma tana shigowa ta waya ɗaya, to a idon mai kula da layin injin ɗaya ce, domin angar jirgi ɗaya tana iya tsinke wayar duka su tafi lokaci guda. Idan aka zana wa irin wannan tsibiri yanki mai murabba'in kilomita ɗari uku aka ce ya dace, takarda ce kawai aka ƙawata.

Aminu Garba: Injiniya Rabi, da girmamawa, akwai ƙananan tsibirai da suka yi. Samso na Denmak yana da injuna 10 a teku tun 2003, kuma Block Island na Amurka, wanda mazaunansa na dindindin kusan dubu ɗaya ne, an kafa masa injuna biyar masu megawat 30 a 2016, har ya kashe janaretocin dizal ɗinsa a 2017.

Injiniya Rabi: Misalanka biyu duk suna goyon bayana ne, ƙanena. Samso yana haɗe da babbar ƙasar Denmak da waya, Block Island kuma a cikin aikin ne aka shimfiɗa masa waya zuwa jihar Rod Ailan, mafi yawan wutar can take tafiya, idan iska ta tsaya kuma daga can ake dawo masa da ita. Da an haɗa waya, tsibirin ya fita daga cikin waɗanda muke magana a kai. Tsibiran Shetland da ke arewa da Sikotland ma haka: sai da aka kammala waya mai megawat 600 da tsawon kusan kilomita 260 zuwa Sikotland a 2024 kafin babbar tashar iskarsa ta tudu ta yi ma'ana. Dubi Jeju na Koriya ta Kudu, wanda yake da tashar teku ta Tamra mai megawat 30 tun 2017, kuma yana da wayoyi zuwa babbar ƙasa, amma duk da haka an sha umartar masu injinan iska su tsayar da su saboda wuta ta yi yawa a layi. Inda babu waya ko kaɗan, sai an tanadi ma'ajiya. El Hierro ya gina tashar Gorona del Viento a 2014, injunan tudu masu megawat 11.5, rarar wutarsu tana tura ruwa zuwa tafki a kan dutse, idan iska ta kwanta a sako shi ya juya injin. Gran Kanariya, wani tsibirin Kanari, tana gina irin wannan mai megawat 200 a Chira. Ana kuma iya karkata rarar zuwa tace ruwan teku ya zama na sha, tacewar da tsibirin Lanzarote na Kanari ya fara tun 1964, domin ruwa yana ajiyuwa a tanki cikin sauƙi fiye da wuta a batir. Saboda haka wurin da ya dace a teku shi ne wanda wayarsa za ta fito kusa da babbar tashar rarraba wuta ko ma'ajiyar, ko da iskarsa ba ita ce ta ɗaya ba.

Alhaji Musa: Ni ba injiniya ba ne, amma na lura har yanzu ba a ambaci mutanen da suke cin abinci a wannan ruwa ba. Taswirar zirga-zirgar jiragen da ake amfani da ita daga na'urar da ke sanar da matsayin jirgi ake haɗa ta, kuma manyan jirage ne doka ta tilasta wa ɗaukarta. Masuncin tsibiri mai ƙaramin kwalekwale ba ya cikin wannan lissafi, sai a ga wuri fayau a kwamfuta alhali nan ne gonarsa. Kuma ɗan siririn yankin nan mara zurfi da Injiniya Bashir ya ce shi ne ake iya aiki a kai, shi ne dai inda kifi yake taruwa. Injin mai shawagi ya fi mai turke cin wuri, domin sarƙoƙinsa suna miƙewa ɗaruruwan mita ta kowane gefe, wayar wutarsa ma tana lilo a cikin ruwa, babu mai jan taru ko shimfiɗa mamari a tsakaninsu.

Malama Hadiza: Gaskiyarka, Alhaji, kuma a nan ne jihar Rod Ailan ta yi abin koyi. Kafin a zaɓi wurin tashar Block Island sai da aka shirya tsarin amfani da tekun, aka amince da shi a 2010, bayan an zauna da masunta sun nuna wuraren sana'arsu a kan taswira, aka kuma tuntuɓi ƙabilar Narragansett game da wuraren tarihinsu da ruwa ya rufe. Masunci ba ya son bayyana inda yake kama kifi, don haka sai ya yarda da mai tambayar kafin ya zana gaskiya.

Dakta Sani: Bari in ƙara maganar halittu, domin tsibiran da suke nesa da kowa su ne mafakar tsuntsayen teku da ba sa haihuwa a ko'ina sai can. Tsuntsun da mutanen Azores ke kira cagarro, kaso mai yawa na duk irinsa a duniya a tsibiran nan yake ƙyanƙyasa, ƙwai ɗaya yake yi a shekara, yana daɗewa kafin ya balaga, saboda haka asarar manya kaɗan a kowace shekara tana rage yawansa a hankali ba tare da an lura ba. Da yamma sukan taru a kan ruwa daura da duwatsun da suke sheƙa, su jira duhu kafin su shiga, 'ya'yansu kuma fitilu suna ruɗa su a daren tashinsu na farko. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cire iyakar wurin da doka ta keɓe kawai, a ɗauka an gama, alhali tsuntsun ba ya karanta taswira, hanyarsa daga sheƙa zuwa wurin kiwo tana ratsa wajen iyakar. Malta ta taɓa shirin kafa tasha a Sikka l-Bajda, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ba su da zurfi a kewayenta, shirin bai tabbata ba, kuma kusancin wurin da mazaunin irin waɗannan tsuntsaye yana cikin abin da aka yi ta jayayya a kai. A tsakanin tsibiran Tenerife da La Gomera na Kanari kuma akwai manyan dabbobin ruwa masu shayarwa da suke zaune duk shekara, waɗanda da sauti suke neman abinci. A nan dai injin mai shawagi yana da sauƙi, tunda ba a buga turke da guduma a ƙasan teku, wanda shi ne mafi ƙarar aikin.

Barista Lawal: Ta fuskar doka, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa cikakken iko har mil 12 na teku daga gaɓa, da haƙƙin cin arziki har mil 200, kuma ta ambaci samar da makamashi daga iska a cikin wannan haƙƙi. Ta yarda a keɓe kewayen tsaro da bai wuce mita 500 ba a gefen abin da aka gina, ta kuma hana gini inda zai tare sanannun hanyoyin jiragen ƙasa da ƙasa. Tsibirin da mutane ke zaune yana da waɗannan haƙƙoƙi, dutsen da ba zai iya riƙe mazauna ba kuwa ba shi da mil 200 ɗin. Amma a aikace rikicin ya fi yawa a cikin gida, domin sau da yawa gwamnatin tsakiya ce ke da teku, hukumar tsibiri kuma ke da gaɓar da waya za ta fito. Tarayyar Turai ta umarci ƙasashenta a 2014 su tsara amfani da tekunansu kafin ƙarshen Maris na 2021, Sifaniya ba ta amince da nata ba sai a Fabrairun 2023, inda ta ware kusan murabba'in kilomita 5,000 don iska, har da yankuna a Kanari. Na Gran Kanariya yana kudu maso gabas, ɓangaren da filin jirgin sama da sansanin sojan sama suke, ga shi injin mai tsawon fiye da mita 200 yana shiga hanyar sauka yana kuma rikita na'urar rada. Tsibiri yawanci filin jirgi ɗaya gare shi, babu zancen a ce a karkata zuwa wani.

Malam Tukur: Allah ya gafarta malamai, bayan duk wannan, me ya sa ba za a tsaya a tudu ba? Ƙasar Kef Bad, tsibiran da ke yammacin Afirka, ta kafa injunan tudu masu megawat 25.5 a tsibirai huɗu, sun rage mata shan mai, ba tare da jirgin bincike ko anga ba. Ga hasken rana, ga batir da ke ƙara araha. Ina ganin ga tsibirin da mutanensa ba su kai dubu ɗari ba, zancen teku ɓata lokaci ne.

Injiniya Rabi: Ga ƙananan tsibirai ina tare da kai, Malam Tukur. Inda na rabu da kai shi ne manya masu cunkoso irin Gran Kanariya da Tenerife da Oahu na Hawayi da Malta, masu shan ɗaruruwan megawat, waɗanda filinsu ya ƙare tsakanin gidaje da otal-otal da gandun da aka keɓe. A can teku ne ya rage, kuma iskarsa ta fi ɗorewa: Hywind Scotland ta yi shekaru tana ba da fiye da rabin iyakar ƙarfinta a matsakaici, abin da tashar tudu ba kasafai take kaiwa ba. Akwai kuma hanyar farawa da kaɗan, kamar tsibiran Goto na Japan, inda aka gwada injin mai shawagi guda ɗaya mai megawat 2 tun 2013 kafin a yi maganar ƙari.

Aminu Garba: To idan haka ne, yaya za a raba makin? Hanyar da Thomas Saaty ya ƙirƙiro, ta kwatanta sharuɗɗa biyu-biyu a tambayi masana wanne ya fi, ita aka fi amfani da ita, kuma tana ba da lamba ɗaya ga kowane wuri.

Malama Hadiza: Lambar tana da kyan gani, amma ra'ayin waɗanda aka tambaya ne ya koma lamba. Tambayi injiniyoyi goma ka sami taswira ɗaya, tambayi masunta goma ka sami wata. Abin da ya fi damuna shi ne tara maki yana barin alheri a wani fanni ya rufe aibi a wani, sai wuri mai iska sosai ya yi nasara ko da yana bakin mazaunin tsuntsaye. Irin waɗannan a cire su tun farko, kada su shiga gasar. Ragowar kuma a sauya nauyin sharuɗɗan sau da yawa a ga wuraren da suke tsira kowane lokaci, sannan a wallafa nauyin da sunayen ɓangarorin da aka tambaya, domin mai ƙorafi ya san abin da yake ƙorafi a kai.

Injiniya Bashir: Akwai sharaɗi biyu da nake so su shiga jerin cirewar, ba jerin maki ba. Na farko tashar jiragen ruwa. Injunan Hywind Scotland a Norwe aka haɗa su, saboda gangar da ke riƙe su tana nutsewa kusan mita 80 cikin ruwa, kuma da suka buƙaci babban gyara a 2024 sai da aka ja su aka mayar Norwe. Wani injin tashar Kincardine ta Sikotland, ita ma mai shawagi, har Rotadam ta ƙasar Holan aka ja shi. Wannan a Tekun Arewa ke nan, inda tashoshi suke kusa da juna. Tsibirin da tasharsa ba ta da zurfi da fili da ƙugiyar ɗaga kaya mai tsawo, kuma tasha mafi kusa tana nisan kilomita dubu, injinsa yana iya yin watanni a tsaye ana ƙona dizal. Na biyu guguwa: a 2003 guguwar Maemi ta kayar da injunan tudu a tsibirin Miyako na Japan, a 2017 kuma Maria ta kakkarya fukafukan tashar Punta Lima a Puwato Riko. Wasu tsibiran suna amfani da ƙananan injuna da ake kwantarwa ƙasa idan guguwa ta taso, wanda ba ya yiwuwa a teku.

Alhaji Musa: Wayar fa, ta ina za ta fito? Gaɓar dutse ba ta haƙuwa, bakin yashi kuma nan ne ake ajiye kwalekwale ake kuma wanka.

Injiniya Bashir: Wannan ma sai an zaɓe shi tare da yankin injunan, Alhaji, domin wurin fitowar yana iya soke yankin duka. A Block Island ba a binne wayar da zurfi sosai ba a bakin ruwa saboda ƙasar ta yi tauri, igiyar ruwa ta kwashe yashin har wayar ta bayyana a wurin da mutane ke iyo, daga baya aka sake aikin da kuɗi mai yawa, aka huda ta can ƙarƙashin gaɓar. A tsibiri mai aman wuta wurare masu yashi kaɗan ne, don haka ni zan fara da ƙirga su a taswira, in duba wanne ne yake kusa da tashar rarraba wutar da Injiniya Rabi ta ambata, daga nan in ja layi zuwa cikin teku in ga zurfin da zan tarar a kilomita goma na farko.